Bahagon da Na Yi wa Ƙarya a Takarda

Shekara goma sha tara na yi ina koyar da wasannin motsa jiki a wata sakandaren maza a Fagge, kuma duk tsawon shekarun nan ban ga hannu irin na yaron da zan ba da labarinsa ba. Ni ne kuma na lalata masa al'amari. Na faɗi haka tun farko don kada wani ya karanta rabi ya fara tausaya mini. Ba tausayi nake nema ba. Haushi nake ji, kuma har yau bai sauka ba.

Gidanmu gidan malamai ne. Kakana ya yi alƙalanci, mahaifina ya yi ritaya a aikin ilimi, yayyena daga lauya sai mai koyar da Larabci. Ni kaɗai na fita zakka na karanci wasanni, don haka sunana a gida malamin tsalle-tsalle. Abin bai tsaya nan ba. Ina kwaleji a kudu na haɗu da wani wasa da ake kira besbol, na kamu da sonsa, na dawo Kano da buhu guda na ƙwallaye da safar hannu ta fata da sanduna biyu da wani baƙon koci ya bar mana. A garin da yaro ke tashi da tamola a ƙafa, ni na zo ina cewa a yi wasa da hannu da sanda. An yi mini dariya har aka gaji.

Wasan ba shi da wuyar ganewa. Mutum ɗaya yana tsayawa a tsakiyar fili ya jefo ƙwallo mai tauri, girman lemo. Wani yana jiransa da sanda don ya make ta. Na uku yana tsugune a bayan mai sandar, sanye da safar fata, yana cafe wadda aka kuskure. Kusan duk wasan a hannun mai jifan yake, in ya iya, mai sanda sai dai ya yi ta dukan iska. Kuma duk wanda ya san wasan ya san mai jifa bahago daraja gare shi, domin ba su da yawa, ƙwallonsu kuma tana zuwa ta gefen da idon mai sanda bai saba ba. Ko 'yan dambe sun san wannan, a tambayi wanda ya taɓa karawa da bahago.

Ƙararrawar makarantarmu tsohon ƙarfen tayar mota ne da aka rataye a darbejiya, kusa da ofishin shugaban makaranta. Wani zango sai ta fara kaɗa kanta. Saura kwata a tashi tara, sai ka ji ƙarfe ya yi ƙara, yara su ɓarke daga azuzuwa, a leƙa gindin bishiya ba kowa. Masinja ya rantse aljanu ne. Shugaban makaranta ya ce ni da ba ni da aiki sai busa usur, in je in kamo aljanin. Kwana uku ina fako, a na huɗu na gan shi: wani dogon yaro siriri ɗan aji uku, a bayan ɗakin gwaje-gwaje, nesa da bishiyar har ban yarda daga nan ake jifan ba. Ya waiga nan, ya waiga can, ya ɗauki dutse da hannun hagu ya sake shi. Ƙarfe ya amsa.

Da bulala na je, sai ga ni ina tsinto masa duwatsu. Biyar na ba shi. Huɗu suka daki tsakiyar ƙarfen, na biyar ya goge gefensa. Ranar an kaɗa tara har sau shida. Na koma na gaya wa shugaban makaranta na kama aljanin, kuma horon da na yanke masa shi ne ya riƙa zuwa filina kullum bayan la'asar.

Ba ƙarfin hannu kaɗai ake dubawa a mai jifa ba. Ana duba yadda yake ɗaga ƙafa, da yadda ƙugunsa ke juyawa kafin kafaɗa, da inda gwiwar hannunsa take lokacin da zai saki ƙwallo, da ko zai iya maimaita haka sau hamsin bai canza ba. Ana duba tsawon yatsu. Ana kallon fuskarsa bayan an make masa ƙwallo ta haura katanga, a ga ko zai rikice. Yaron nan yatsunsa zara-zara ne, kafaɗarsa sakakkiya, ba ya yunƙuri ba ya nishi, sai dai ka ji ƙwallo ta faɗa cikin safa da ƙara. Tana dab da isa kuma sai ta karkace da kanta, abin da wasu ke shekaru suna koyo. Mai cafe masa sai da ya riƙa cusa tsumma cikin safarsa saboda tafinsa na kumbura. Yana da nasa aibin: a kan dunduniya yake dira, ƙafafunsa ba ƙwari, in ya yi jifa talatin sai ya fara zubewa. Duk waɗannan abinci da horo ke gyara su. Na gwada shi da hannun dama sau ɗaya don in sani. Jifa ne irin na kowa, wanda za a kori akuya da shi.

Mai jifa ma yana saka safa a hannun da ba ya jifa da shi. Safar da ke buhuna duk ta masu jifa da dama ce, wato a hannun hagu ake saka ta. Bahago kuwa wadda za ta shiga damansa yake bukata. Na ɗauki ɗaya na kai wa wani baduku a Kwaciri, ya farke ta ya juya ɗinkin. Ta fito a karkace, mummuna, amma ta yi aiki. Na ce masa tasa ce, ya tafi da ita gida. Ya ƙi. A sito na wasanni yake ɓoye ta kullum, bayan tsohuwar raga.

Da na matsa masa ya gaya mini dalili. A gida ba a san yana jifa da hagu ba. Tun yana ƙarami, in ya kai hagu cikin kwano sai a buge hannun, har akwai lokacin da kakarsa ke ɗaure masa shi da ɗankwali in za a ci abinci. A makarantar allo ma ya sha bulala a kai. Da dama yake rubutu, shi ya sa rubutunsa ya zama kamar tafiyar kaza. Na lura kuma ko a filina, kafin jifan farko sai ya waiga ya ga wa ke wucewa ta bakin get. Na ji duk wannan na gyaɗa kai kawai, domin haka aka rene ni ni ma. Ni kaina sau nawa ɗalibi ya miƙo mini littafi da hagu na ƙi karɓa.

Muna cikin wata na bakwai sai ga takarda daga wata ƙungiya mai zaman kanta a kudu. Za su aiko mutum Kano ya duba yara. Wanda suka ɗauka za su saka shi makarantar kwana ya ƙarasa sakandare kyauta, ci da sha da horo duk nasu. Ga yaron nan wannan ba maganar wasa ba ce. Mahaifinsa ya riga ya yanke cewa daga aji uku sai shago, kamar yadda yayyensa suka yi, shi kuwa karatu yake so. In an ɗauke shi ya ci gaba da makaranta, in ba a ɗauke shi ba ya shiga kasuwa. Sharaɗi biyu suka kafa: uba ya sa hannu a fom, kuma ya zo da kansa ranar gwaji, domin suna duba tsayin uba da ƙirarsa su kintaci inda yaro zai kai.

Mahaifinsa, Alhaji, kayan lantarki yake sayarwa a Kasuwar Sabon Gari. Kakanninsa daga ƙasar Yarbawa suka zo, amma shi a Fagge aka binne cibiyarsa, Hausarsa ta fi tawa karin magana. Dogo ne, ba ya son wargi, ba ya kuma gaggawar amsa magana. Sau biyar na je shagonsa. Zuwan farko, yaron ya kawo mini ruwa, don ruɗewar ganin malaminsa a shago sai ya miƙo da hagu. Alhaji bai ko katse maganarsa ba, ya ɗauki guntuwar waya ya tsula masa a bayan hannu.

"Malam, ka ga abin da muke fama da shi tun yana goye," in ji shi.

Ni kuma na ce, "Haka ne, Alhaji. Sai an dage."

Ni na faɗi haka. Ni da nake wuni ina yabon wannan hannun, nake mafarkin inda zai kai mu. Yaron yana tsaye yana murza wurin da aka buga, yana ji.

A zuwa na biyar Alhaji ya yarda. Na fito da fom na fara cikewa a kan kantarsa. Akwai layin da aka tambaya da wane hannu yaro ke jifa, ga akwati biyu, dama da hagu. Alhaji mutum ne da ko rubutun jikin kwali sai ya karanta, ya riga ya saka tabarau yana jira in miƙa masa. Na ji tsoron in ya ga hagu zai ce ashe ɓata masa tarbiyyar yaro nake yi, ya fasa. Sai na sa alama a akwatin dama. Na ce a raina in mun je fili zan gyara wa baƙon mai duba yaran da baki. Yaron yana tsaye a bayana yana kallon biron. Ban ce masa komai ba, ranar ko bayanta, na ɗauka ai zai gane dabara ce.

Ranar Asabar da safe aka yi gwajin, a filin wata makaranta a Sabon Gari. Yara sun kai arba'in daga makarantu daban-daban. Baƙon wani gajere ne mai hular hana sallah, da fayil a hammata da wata na'urar auna gudun ƙwallo mai kama da abin busar da gashi. Tun a bakin get ya karɓe fom ɗin kowa, ya ce koci-koci su tsaya bayan igiya, ba mai yi masa magana sai an gama, domin jirgi zai bi da rana. Na yi yunƙurin tare shi, ya ɗaga mini hannu ya wuce. Alhaji ya zo cikin farar babbar riga, ya bar shago ranar Asabar, ranar ciniki. Aka ba shi kujerar roba a gaba, dab da layi. Na ga baƙon ya dubi tsayinsa ya gyaɗa kai, har na ji sanyi a raina.

Jifa goma-goma aka ba kowa. Aka kira yarona. A kan benci akwai safa biyu, ta badukun Kwaciri da ta kowa da kowa. Ya tsaya a kansu. Ya dubi mahaifinsa, ya dubo ni. Sai ya ɗauki ta kowa da kowa ya cusa hannunsa na hagu a ciki.

Na ƙwala masa kira, baƙon ya juyo ya sa yatsa a baki. Ina tsaye bayan igiya ina kallo yaron ya yi jifa goma da hannun da ba nasa ba. Uku suka daki ƙasa kafin su isa, ɗaya ta wuce ta saman kan mai cafewa, sauran suka tafi a sanyaye. Baƙon ya dubi na'urarsa, ya rubuta layi ɗaya, ya kira na gaba.

Na tsallake igiyar. Na ce masa yaron nan bahago ne, ya ba shi jifa uku kacal ya gani. Don Allah zan faɗi gaskiya, mutumin bai ƙi kai tsaye ba. Ya buɗe fayil, ya ɗora yatsa a kan alamar da na yi, ya tambaye ni ko ba ni na cike wannan ba. Ya ce duk kocin da ya haɗu da shi cewa yake yaronsa jiya ya fi haka, amma in jira a gama, in lokaci ya rage za a duba. Mai hankali da sai ya ce na gode ya koma bayan igiya. Ni kuwa kunya ce ta kama ni, kunyar ta koma fushi, zuciya ta ɗebe ni. Na ce masa makaho ne, wanda ya san wasan daga tafiyar yaro zai gane bahago ne. Na ce in an karɓe masa wannan na'urar ba zai bambance mai jifa da mai tallan gyaɗa ba. Na ce dama hoto suka zo ɗauka a Kano, sun riga sun zaɓi yaransu tun daga gida. Duk a gaban yara da iyayensu. Ya bar ni na gama, ya rufe fayil, ya ce yana jin lokaci ba zai rage ba.

Bai kuwa rage ba, ko da yake an samu lokacin tsayawa a yi ta ɗaukar hoto da yara suna riƙe da sanduna. Har gobe ina jin haushin mutumin nan. Wanda da gaske ya zo neman hannu, zai haɗiye zagin mahaukacin malami don ya ga jifa uku, ai ba yaron ne ya zage shi ba. Amma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Na daɗe a kan nawa tudun ina hangen nasa.

Alhaji ya ji komai. Ya taso a hankali ya same ni a gindin katanga ina huci.

"Malam, da hagu yake jifa?"

Na ce e.

"Kuma ya iya?"

Na ce ban taɓa ganin kamarsa ba.

Ya gyara hannun rigarsa, sannan ya ce, "To jifa cin abinci ne, ko gaisuwa ce? Ni hannun da zai miƙa wa mutane kaya da shi nake gyarawa. Sau biyar ka zo shagona, ka sha ruwana, ba ka gaya mini ba."

Ni ɗan gidan malamai, na fi kowa sanin cewa abin da aka hore mu da shi a kan ci da sha ne da musabaha da ba da abu da karɓa, ba wanda ya taɓa hana jifa da hagu. Na san haka tun ina ƙarami. Amma ban tambayi mutumin nan ba, na yanke masa hukunci a raina cewa ba zai gane ba, na yi masa ƙarya a kan kantarsa. An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ni na ɓoye hannu sukutum ranar da aka zo ganinsa.

Duk da haka ban saduda ba, ina neman wanda zan sauke wa. Na juya kan yaron, yana zaune a benci har lokacin safar na hannunsa na hagu. Na tambaye shi da tsawa me ya sa ya yi mini haka, wata bakwai muna wahala. Bai ɗago kai ba.

"Malam, ai kai ka rubuta dama," ya ce. "Na ga kamar kunyarsa kake ji ne."

Na rubuta wa ƙungiyar nan wasiƙar ban haƙuri har sau uku, na aika musu bidiyon jifansa da na ɗauka da waya. Ba amsa. Shekara ta zagayo ba su dawo Kano ba, kuma ina jin bakina yana cikin dalilai. Alhaji da kansa ya ce in akwai inda za a kai yaron a sake gwada shi, shi zai kai shi, amma ban san wani wuri ba. Na roƙe shi ya bar shi ya ƙarasa makaranta ko ba wasan. Ya ce magana ɗaya ya yi, kuma babban wan yaron ya buɗe nasa shagon, shi Alhajin ba shi da mai tsare masa nasa. Yaron ya gama aji uku ya shiga kasuwa. Bai sake taka filina ba. Safar baduku tana nan a ɗakina, sau biyu maiɗakina na zuba ta cikin shara ina tsamo ta.

Bara na shiga Sabon Gari sayen ƙwan lantarki, ƙafata ta kai ni shagon. Alhaji ya tsufa ya koma gida, yaron ne mai shago yanzu, ya yi gemu, ya ce mini 'ya'yansa biyu. Kafaɗun nan sun cika kamar yadda na kintata, tsayin ma ya wuce na uban. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya sa aka kawo lemo, ya zaɓo mini ƙwai masu kyau ya miƙo da dama, hagun na tallafe da gwiwar hannu. Ba wanda ya ta da maganar wasa. Na so in ba shi haƙuri, sai na ɓige da tambayar lafiyar Alhaji sau biyu.

Na fito na hau adaidaita sahu mai zuwa Bata. Mun tsallaka ɗaya hannun titi muka shiga cunkoso, sai na ji ana ƙwala mini kira. Shi ne, ya biyo ni har bakin titi yana ɗaga mukullaina da na manta a kan kanta. Tsakaninmu motoci ne da 'yan dako da masu tura kura, ba ta inda zai ratsa, mu kuma mun fara motsawa. Na gan shi ya waiga nan, ya waiga can. Sannan ya mayar da mukullan hannun hagu, ya ɗaga ƙafa kaɗan, ya sake su. Suka ratsa ta saman motoci suka faɗo a cinyata.

Mai adaidaita ya leƙa ta madubi ya ce lallai wannan bahagon ya iya jifa. Ba jifan ne ya tsaya mini a rai ba, shi na san da shi. Magidanci mai 'ya'ya biyu, a bakin kasuwar da yake da shagon kansa, sai da ya duba ko akwai mai ganinsa kafin ya ɗaga hannun da Allah ya ba shi.